Daga Ɗakin Taro a GRA Zuwa Zauren Ƙauye

Idan kuka shiga garin Gombe da hantsi kuka ratsa ta Jekadafari ko Bolari, za ku tarar gari yana tafasa. 'Yan acaɓa da masu Keke Napep suna ta kutsawa, masu talla suna kiran ciniki, ƙura tana tashi. Da zarar kun karkata zuwa unguwar GRA kuwa, sai ku ji shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Gidajen manya ne, katangunsu dogaye, itatuwa sun yi wa hanya inuwa.

Haruffan nan uku taƙaitaccen suna ne na Ingilishi, ma'anarsa unguwar da gwamnati ta keɓe. Asalin irin wannan unguwa daga zamanin mulkin mallaka ne. A manyan garuruwan Arewa, Turawa sukan gina gidajensu can gefen gari, su bar fili tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cututtuka. Hausawa suka riƙa kiran wurin bariki. Bayan samun 'yancin kai a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen. Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka cire ta daga Jihar Bauchi. Tun daga nan garin yake ta faɗi, har yanzu ana maganar Tsohuwar GRA da Sabuwar GRA.

A yau, ban da gidajen manyan ma'aikata, a wannan yanki akwai ofisoshin ƙungiyoyi da asibitocin kuɗi da otal-otal masu ɗakunan taro. A irin waɗannan ɗakuna ne ake yawan shirya taron bita don horar da matasa dabarun shugabanci. Wataƙila wani daga cikinku ya taɓa halarta. Akan gayyato samari da 'yan mata daga ƙananan hukumomi, a zaunar da su kwana biyu ko uku, a koya musu yadda ake jawabi a gaban jama'a, da yadda ake jagorancin taro, da yadda ake rubuta takardar neman tallafi. Ranar rufewa sai a raba takardar shaida da kuɗin mota, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa.

Duk waɗannan darussa suna da amfani. Sai dai amfanin nasu ba ya bayyana sai matashin ya sauka daga mota a ƙauyensu. A can akwai wata matsala da take jiran sa, wadda da wuya a ba ta ko da awa guda a taron bita, domin mutane ba sa son ambatonta. Matsalar ita ce rashin lafiyar ƙwaƙwalwa.

Kalmomin da ya kamata ku bambance

Idan aka ce lafiyar ƙwaƙwalwa, ana nufin mutum ya kasance cikin natsuwa da hankalinsa, yana iya aikinsa, yana zama da mutane lafiya, yana kuma iya jure wahalhalun yau da kullum. Kalmar da kowa ya fi sani ita ce hauka. Da an ambace ta sai mutane su tuna da wani mai tsumma a bakin kasuwa yana magana shi kaɗai. Irin wannan ciwo mai tsanani yana nan, amma masu fama da shi su ne mafi ƙaranci a cikin majinyata. Kalmar kuma tana da nauyi, tana zama zagi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suka fi son a ce taɓin hankali ko taɓin ƙwaƙwalwa. Ku lura da kalmar taɓi. Tana nuna cewa ciwo ne ya taɓa hankalin mutum, mutumin yana nan da mutuncinsa.

Ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi yawa shi ne ciwon damuwa. Kowa yakan damu idan ya faɗi jarrabawa ko ya yi rashi. Damuwa tana zama ciwo ne idan ta zauna wa mutum mako biyu ko fiye, kusan kullum, har ta hana shi barci da cin abinci, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani. Tana kama mai jego bayan haihuwa, tana kama tsoho, tana kama ɗan sakandare. Akwai kuma ciwon fargaba, inda gaban mutum yake ta faɗuwa ba tare da wani dalili da ake gani ba. Akwai firgicin da yake biyo bayan tashin hankali. Wannan ba baƙon abu ba ne a Gombe. A shekarun 2014 da 2015 bama-bamai sun tashi a tashar mota da kasuwa a cikin garin, an kai hari Nafada da Bajoga da Ashaka, jihar kuma ta karɓi dubban mutanen da suka gudo daga Borno da Yobe. Wanda ya ga irin wannan da idonsa yana iya shekara da shekaru yana zabura cikin barci.

Farfaɗiya ta cancanci a ware ta, saboda ƙaryar da ake yaɗawa a kanta. Ciwo ne na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma ba a ɗaukar sa daga yawun mai shi ko daga taɓa jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace. Duk da haka akwai yaran da aka cire daga makaranta saboda ita.

Sai kuma shaye-shaye. A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun gudanar da bincike a duk faɗin Najeriya. Sun gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekarar da ta gabata. A Jihar Gombe adadin ya kai kimanin kashi 21 cikin 100, mafi yawa a shiyyar Arewa maso Gabas. A cikin wannan shekara ce gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Me ya sa wannan magana ta shafe ku musamman? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wani nau'i na waɗannan cututtuka. Ku ƙirga ɗaliban ajinku, ku raba da bakwai.

Abin da yake hana majinyacin ƙauye isa asibiti

Jihar Gombe tana da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114, kuma mafi yawan mutanenta manoma ne da makiyaya. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a birni suke, musamman a Asibitin Koyarwa na Tarayya da yake garin Gombe. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da aka daɗe da sani a shiyyar yana Maiduguri, tafiyar fiye da kilomita 300. Ƙarancin ba na Gombe kaɗai ba ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa 'ya'yanta da suke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, alhali jama'a sun haura miliyan 200. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a kudu maso yammacin ƙasar, wanda aka buga a 2006, ya nuna cewa a cikin masu ciwo mai tsanani, kimanin kashi 8 cikin 100 ne kawai suka sami kulawa a shekarar da aka yi tambayar.

Ku ɗauki mutumin Nafada, can arewa a bakin kogin Gongola. Tsakaninsa da Gombe fiye da kilomita 100 ne. Mai taɓin hankali ba ya tafiya shi kaɗai, saboda haka kuɗin motar mutum biyu ko uku za a nema, zuwa da dawowa. Ga abinci, ga wurin kwana, ga kuɗin magani. Ciwon kuma ba na zuwa ɗaya ba ne, sai an yi ta komawa. Idan da damina ne, ranar da aka tafi asibiti ranar da aka bar gona ce.

Saboda haka iyali sukan fara da wanda yake kusa, malami ko fasto ko mai maganin gargajiya. Yana jin harshensu, ya san gidansu, yakan karɓi hatsi ko ya yi haƙuri sai kaka. Wasu 'yan birni sukan ɗauka cewa mutanen karkara ba su yarda da asibiti ba ne, komai sai su ce iska ce ko sammu. Wannan zato ya wuce gona da iri. A 2004 wasu likitoci na Kano suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum 250 a ƙauyen Karfi. Dalilin taɓin hankali da mutanen suka fi ambata shi ne shaye-shaye, ba aljanu ba. Kusan rabinsu kuma suka ce asibiti suka fi so a kai majinyaci. Ke nan son zuwa yana nan, hanya ce ta yi tsawo.

Akwai kuma kunya, wadda a ganina ta fi nisa da tsada illa. Iyali suna tsoron a ce gidansu gidan masu hauka ne, 'ya'yansu mata su rasa masu nema. Sai a ɓoye majinyaci a ƙuryar ɗaki. Idan ya fara duka ko gudu, sai a sa masa mari, wato ƙarfen da ake ɗaure ƙafa da shi. Yawancin masu yin haka ba mugunta ce take sa su ba, dabara ce ta ƙare musu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawa daga cikinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali.

Doka ta daɗe tana baya. Har zuwa kwanan nan Najeriya tana aiki ne da dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga wata ta Turawa ta 1916, kuma abin da ya fi damun ta shi ne yadda za a tsare majinyaci. A watan Janairu na 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Ita ta amince cewa majinyaci yana da haƙƙi, ta kuma hana ɗaure shi da sarƙa. Amma doka tana Abuja a rubuce da Ingilishi. Sai wani ya kai labarinta zauren mai unguwa.

Wane ne shugaban matasa?

Tun kafin a san ɗakin taro, ƙauyukan ƙasar Hausa suna da sarkin samari. Shi ne yake kiran gayya, wato aikin taron dangi a gonar wani ko wajen gyaran hanya da rijiya. Shi yake sasanta samari idan sun saɓa, shi yake tsaya musu a gaban dagaci. Ba shi da albashi, ba shi da ɗan sanda. Ƙarfinsa duka yardar da aka yi da shi ce. A Jamhuriyar Nijar, gwamnatin Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta farfaɗo da wannan tsari da sunan Samariya, ta yi ayyukan raya ƙasa da shi.

Horon zamani ya zo ta wata hanya. A 1951 wani Baturen Birtaniya mai suna Alec Dickson ya buɗe makarantar horar da matasa a gaɓar teku, a wani wuri da ake kira Man O' War Bay, kusa da garin Limbe na ƙasar Kamaru ta yau. Daga nan sunan ƙungiyar Man O' War da kuke gani a makarantu ya samo asali, kuma ɗaya daga cikin sanannun sansanonin wannan horo yana duwatsun Shere, kusa da Jos. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima. A 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Ga kuma 'yan agajin masallatai da ƙungiyoyin matasan coci, waɗanda suka fi kowa shiga lungunan karkara.

Gombe ta ga abin da yake faruwa idan matasa suka sami mugun jagora. Tun daga farkon shekarun 2000, gungun samarin da ake kira 'Yan Kalare suka addabi garin, musamman lokacin zaɓe, kuma an danganta al'amarin da rashin aikin yi da shaye-shaye da 'yan siyasar da suke amfani da su. Bayan zaɓen 2011, gwamnatin Ibrahim Hassan Dankwambo ta ɗebi wasu daga cikinsu ta ba su horo, ta mai da su masu kula da zirga-zirgar motoci da tsabtar gari da tsaron unguwanni. Abin lura a nan shi ne, shugaban gungu ma shugaba ne. Samari suna bin sa saboda yana zaune tare da su, ya san wanda bai ci abinci ba, ya san wanda aka kora daga gida. Mai takardar shaida daga GRA, idan bai san wannan ba, ba zai iya karɓe yaro ko ɗaya daga hannunsa ba. Hausawa suna cewa babba juji ne, wato kowa a kansa yake zubar da damuwarsa.

To, wanda ba likita ba, zai iya taimakon mai ciwon ƙwaƙwalwa kuwa? An gwada, kuma a Najeriya aka fara wani gwaji da duniya ta yi koyi da shi. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a wannan fanni, ya ga gadajen asibitin Aro da yake Abeokuta ba za su isa ba. Sai ya roƙi mutanen ƙauyukan da suke kewaye su ba majinyata masauki. Kowane majinyaci yakan zo da ɗan'uwansa, ya kwana a ƙauye, ya je asibiti da rana, ya ci gaba da zama cikin mutane. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

A ƙasar Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata a 2006, su zauna a kan benci a harabar asibitin unguwa suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da tsofaffin ne suke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a cikin waɗanda ba su zauna ba adadin kusan rabi ne. A Gombe kanta, a 2016 aka fara horar da matan ƙauye a mazaɓu 57, rabin mazaɓun jihar, su riƙa bi gida gida suna duba masu ciki da jarirai, suna tura su asibiti. Nasu aikin na haihuwa ne, amma ya nuna cewa 'yar gari mai ɗan horo tana shiga inda likita ba ya shiga.

A ce kun koma gida hutu

A ce kun koma ƙauyenku, a ƙasar Balanga ko Dukku. Akwai abokinku na ƙuruciya wanda a da shi ne mai tsaron raga a ƙwallon yamma. Yanzu ya daina fitowa fili. Ba ya zuwa wurin mai shayi, ciyawa ta cinye gonarsa, ya rame, idan aka yi masa magana sai ya sunkuyar da kai. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa. Aikin shugaba na farko ke nan, ya lura da wanda ya ɓace daga cikin jama'a. Wanda ba ya cikin garin ba zai taɓa sanin an rasa mai tsaron raga ba.

Ku same shi shi kaɗai, ba a majalisa ba. Kuna iya cewa, "Abokina, kwana biyu ba ma ganin ka a fili. Lafiya kuwa?" Zai ce, "Lafiya lau." Kada wannan amsa ta sallame ku. Kun dai san gaisuwar Hausa, ko mutum yana kwance a gadon asibiti, lafiya lau zai ce. Ku zauna, ku ɗan yi shiru, sannan ku ce, "Na ga kamar akwai abin da yake damun ka. In kana so ka faɗa mini, ina jin ka." Wataƙila ba zai ce komai ba ranar. Ku dawo gobe.

Idan ya fara magana, ku bar shi ya kai aya. Wannan shi ne mafi wuya ga wanda aka koya wa jawabi, domin bakinsa yana ƙaiƙayin ba da shawara. Akwai maganganun da suke rufe ƙofa nan take: "Ka cika raki," ko "Namiji ba ya kuka," ko "Ƙarancin imani ne." Ko "yi haƙuri" ma, duk da kyanta, idan aka yi gaggawar faɗin ta, mai damuwa yakan ji kamar an ce masa ya yi shiru. Abin da ya faɗa muku kuma amana ce, ba ta zama hirar dandali ba.

Wuri ɗaya ne amana ba ta hana magana. Idan ya ce ya gaji da rayuwa, ko yana tunanin kashe kansa ko cutar da wani, kada ku bar shi shi kaɗai. Ku gaya masa a fili cewa za ku nemi taimako saboda kuna son sa da rai. A kawar da maganin feshin gona da duk wani abu mai haɗari daga inda yake, a sanar da babba a gidan da ma'aikacin lafiya a ranar, ba gobe ba. Haka ma idan mutum ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya, wannan na gaggawa ne, domin yana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Daga nan sai maganar iyaye. Yaro ba ya shiga gidan mutane ya ce ɗansu yana da taɓin hankali. Za ku durƙusa ku gaida mahaifinsa, ku tambayi gida da gona, sannan ku ce, "Baba, na zo ne a kan ɗan'uwana. Na ga jikin nasa ba daɗi, ba ya barci, ba ya cin abinci. In ka yarda, mu kai shi malamin asibiti ya duba shi. Addu'a kuma ba za a fasa ba." Jimlar ƙarshen nan tana da muhimmanci. Wanda ya sa iyali su zaɓa tsakanin addu'a da asibiti, ya riga ya faɗi. Idan maganar ta fi ƙarfinku, ku bi ta wurin wanda uban yake jin nauyinsa, kawun yaron ko mai unguwa ko liman ko fasto. Da ɗan gari akan ci gari.

A nan ne kuma za ku ga kuskuren taron bitar da aka cika shi da samari. A gidaje da yawa saurayi ba ya wuce zaure. Amaryar da take kuka a ɗaki, da mai jegon da ta ƙi shayar da jaririnta, sai mace 'yar'uwarsu ce za ta gan su. Ƙauyen da bai tura 'yan mata horo ba ya bar rabin majinyatansa.

Ba sai an fara da Gombe ba. Tun 1991 manufar gwamnatin tarayya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, ko da yake aiwatarwa ta yi jinkiri ƙwarai. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda yake koya wa nas da malamin asibiti yadda za su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, su yi maganin abin da za su iya, su tura sauran gaba. Saboda haka ku fara da cibiyar lafiya ta mazaɓarku. Daga can ana iya tura ku babban asibiti irin na Kaltungo ko Bajoga, daga nan kuma Gombe. Ku karɓi takardar turawa, ku tambayi ranar da likitan ƙwaƙwalwa yake ganin majinyata kafin ku biya kuɗin mota.

Bayan an dawo gida ne aka fi yin asara. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, sai majinyaci ya ce ba ya yi, ya ajiye. Wani kuma da ya ji sauƙi sai ya daina sha, ciwon ya dawo. Wannan gurbi ne da ƙungiyar matasa take iya cikewa ba tare da tallafin kowa ba. Wani ya riƙe ranar komawa asibiti. A kafa ɗan asusu na kuɗin mota. A kira gayya a nome gonar majinyaci, kada ya warke ya tarar da yunwa. Ranar da ya fito, a mayar masa da ragarsa. Ku dai ku tsaya a iyakarku. Kada ku raɗa wa ciwo suna, kada ku sayo ƙwaya a wurin mai talla, kada ku ce a ƙara ko a rage abin da likita ya rubuta. Idan nauyin sauraron ya yi muku yawa, ku ma ku sami babban da za ku gaya wa.

Saura abu ɗaya, wanda ya shafe ku a matsayinku na masu koyon Hausa. Jihar Gombe ƙasa ce mai harsuna da yawa: Fulatanci da Tangale da Tera da Waja da Bolanci da Tula da sauransu, Hausa kuma ita ce take haɗa su a kasuwa da asibiti. Mai karaya ana ɗaukar hoton ƙashinsa, mai zazzaɓi ana auna jininsa. Mai ciwon damuwa kuwa, da bakinsa kawai ake gane abin da yake damun sa. Tsohuwar da ba ta jin Hausa sosai tana bukatar tafinta, kuma mai yiwuwa ku ne.

Harshen Hausa yana ɗora damuwa a kan sassan jiki. "Gabana yana faɗuwa" yana nufin tsoro ko fargaba. "Jikina ya mutu" kasala ce da rashin kuzari. "Zuciyata ta yi baƙi" baƙin ciki ne mai tsanani. "Hankalina ya tashi" rashin natsuwa ne, ya kuma bambanta da "hankalinsa ya gushe," wanda yake nufin mutum ba ya cikin hayyacinsa. Tafintan da ya rikita waɗannan biyun yana iya sa a rubuta wa majinyaci maganin da ba nasa ba. Wanda kuma kunya ta sa ya sassauta maganar goggonsa, ta ce ta gaji da duniya shi kuma ya ce ta gaji da aiki, ya ɓoye wa likita abin da ya fi bukatar ji. Kafin hutu mai zuwa, ku tambayi kakarku yadda ake faɗin waɗannan maganganu a harshenku na gida, ku rubuta su a shafi ɗaya, na Hausa a dama, naku a hagu.